Doki nawa giyar otomatik za ta iya ɗauka? Amsa ga mai BMW 335i daga Yelwa

Wani matashi daga unguwar Yelwa a nan Bauchi ya aiko da wannan tambaya: "Salamu alaikum Injiniya. Ina da BMW 335i ƙirar 2008, otomatik, 'yar Amurka. Na sa an taɓa mini kwamfutar injin, an canza salansa, yanzu motar tana fizga sosai. Burina in kai ta doki 500. Abokina ya ce ya gani a intanet giyar tana ɗaukar har doki 600, makanikena kuma ya ce otomatik ba ta wasa ba ce, in cire ta in sa manuwal. Don Allah doki nawa za ta iya ɗauka kafin ta lalace?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sa alheri a motar, ya tsare hanya.

Da abokinka da makanikenka duk sun kama wani gefe na maganar, amma tambayar kanta ce ke buƙatar gyara, domin giya ba ta san doki ba. Abin da take ji a jikinta shi ne ƙarfin murɗa, wato irin ƙarfin da injin ke juya sandar da ta shiga cikinta, wanda ake aunawa da Nm. Idan lamba kake so ka riƙe, ga ta: giya irin taka, mai shekara goma sha biyar da ɗoriya, in tana da lafiya, an canza mata mai, an daidaita kwamfutarta, ni ba zan bari injin ya wuce Nm 550 a kanta ba matuƙar motar hawa ce ta kullum. Wannan ra'ayina ne daga abin da hannuna ya buɗe, kamfani bai rubuta haka ba. Abin da kamfanin ya rubuta ya ma fi haka ƙasa, za mu zo kansa.

Bari in fara da Nm ɗin, don in ba ka gane shi ba sauran maganar za ta zame maka. Ka ɗauko sifana, ka zura mata bututu har tsawonta ya kai mita ɗaya, ka ɗora ta a kan noti, sannan ka rataya nauyin kilo goma a ƙarshen bututun. Ƙarfin da notin yake ji ya kusa Nm 100. Ka rataya buhun siminti guda, mai kilo 50, ya zama kusan Nm 490. Injin motarka, wanda BMW ke kira N54, mai lita uku da turbo biyu, daga kamfani yana ba da kimanin Nm 400, kuma yana fara ba da shi tun injin bai kai juyi 1,500 a minti ba. Doki kuwa lissafi ne kawai: ka ninka Nm da yawan juyin injin a minti, ka raba da 7,000, abin da ya fito shi ne dokin, kusan-kusan. Saboda haka inji biyu za su iya zama da doki ɗaya amma wahalar da suke ba giya ta sha bamban. Honda S2000 tana da doki 240, amma ƙarfin murɗarta Nm 208 ne kacal, sai ta haura juyi 8,000 take tara dokin. Misalin da ya fi kusa da kai yana cikin gidanku: 335d, 'yar'uwar motarka mai shan gas, wato dizal, dokinta 286 ne, bai kai naka ba, amma tana murɗa Nm 580. Sai BMW ya ɗora mata giyar da ta fi taka girma. Da doki ake dubawa, da ita za a ba ƙarama.

Giyar motarka kamfanin ZF na Jamus ne ya ƙera ta, mai hawa shida. Ko dai 6HP19 ce ko 6HP21, ya danganta da lokacin da motar ta fito daga masana'anta. Ka sa a ɗaga motar, akwai ɗan farantin ƙarfe a gefen giyar, sunan yana rubuce a kai. Ta farkon an ƙiyasta mata Nm 400, ta biyun 450. Babbar yayarsu, 6HP26, wadda ta fara fitowa a BMW jerin 7 a 2001, ita ce mai 600. Ka ga ke nan tun daga kamfani injinka yana daf da iyakar da aka rubuta wa giyar. Wannan iyaka ba wai da an wuce ta da Nm ɗaya giya za ta fashe ba. Ma'anarta, a wannan nauyin ne kamfani ya yarda giyar za ta yi shekaru da dubban kilomita ba tare da ta dawo masa da ƙorafi ba, ko a sanyi ko a zafi, ko a hannun direban kirki ko na banza. Akwai rara a sama. Rarar nan ce masu gyaran gudu suke ci, kuma duk abin da ka ci daga ciki daga shekarun giyar ake cire shi.

Yanzu lissafa burinka. Doki 500 a juyi 6,000 yana buƙatar kusan Nm 585. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Turbo biyun N54 ƙanana ne, da wuri suke cika, don haka in aka matsa musu su ba da 585 a can sama, a tsakiya, wajen juyi 2,500 zuwa 3,500, za su tura abin da ya haura 650 in ba mai saita kwamfutar ya daƙile su da gangan ba. Wannan tudun na tsakiya shi ne ke cin giya, ba lambar dokin da ake bugawa a nuna wa abokai ba.

Akwai kuma tarko biyu a lambobin intanet. Amurkawa ba da Nm suke aunawa ba, da ma'aunin fam da ƙafa ne, kuma ɗaya nasu daidai yake da Nm 1.36. In ka ga sun rubuta 450, to 610 ne a namu. Sannan yawancinsu a taya suke auna doki, bayan giya da sauran ƙarafa sun ci nasu kason, wanda kan kai wajen kashi goma sha biyar cikin ɗari. Wanda ya rubuta cewa tasa ta ɗauki 600 ba lallai ƙarya yake ba. Abin da bai gaya wa abokinka ba shi ne wata nawa ta yi a haka, me ya canza a cikinta, da kuma cewa a garinsu zafin Afrilu ba ya kai digiri 40. Wanda tasa ta mutu kuma ba ya cika dawowa ya ba da labari.

To me ke faruwa a ciki? Giyar otomatik irin taka ba ta sauya haƙora kamar manuwal. Haƙoranta kullum a sarƙe suke. Abin da ke sauya hawa shi ne tarin faifai, faiba ɗaya ƙarfe ɗaya, faiba ɗaya ƙarfe ɗaya, suna jiƙe cikin mai. In ana son tari ya kama, famfo ya tura mai da ƙarfi bayan fistin, fistin ya matse faifan su zama abu guda. A 6HP irin wannan tari biyar ne, an sa musu A, B, C, D da E, kuma kowane hawa biyu ne ke riƙe shi. Ƙarfin da tari zai iya riƙewa ya dogara da abu uku: yawan faifan da faɗinsu, lafiyar faibar da man da ke jiƙa ta, sai matsin man da ke bayan fistin. In ƙarfin injin ya fi ƙarfin matsin, faifan su fara zamewa a kan juna. Zamewa ta haifi zafi, zafi ya gasa faiba ta yi santsi kamar gilashi, santsi ya ƙara zamewa. Daga ranar da wannan ya fara, kwanakin giya ƙirgaggu ne. A motoci irin taka tarin E ne ya fi saurin sallamawa, shi ne mai aiki a hawa na huɗu da na biyar da na shida. Shi ya sa mai mota zai ce maka a cikin gari lafiya lau take, amma da ya hau hanyar Jos ya taka, tsakanin huɗu da biyar allurar juyi ta yi tsalle sama, motar ba ta ƙara gudu ba, sai alamar giya ta fito a allo, motar ta maƙale a hawa ɗaya. In aka sa kwamfuta, sau da yawa lambar 4F85 ce ke fitowa, wadda ke cewa tarin E ya zame.

Wurin da nake so ka fi buɗe kunne shi ne maganar matsin man nan, don nan ne yawancin masu taɓa kwamfuta suke kashe giyar mutane ba da saninsu ba. Motarka kwamfuta biyu ke hira a cikinta, ta inji da ta giya. Ta giyar tana zaune a cikin giyar kanta, manne da balb bodi, wato akwatin da ke rarraba mai zuwa tarin faifan, cikin mai. Kowane lokaci ta inji tana gaya mata, yanzu ina ba da Nm kaza. Da wannan labarin ne ta giya take yanke shawarar irin matsin da za ta ba faifai. Kuma duk sanda za a sauya hawa, ta giya ta kan roƙi ta inji ta ɗan sassauta na ƙiftawar ido, har sabon tari ya kama. Ta giyar tana da iyakar da aka rubuta mata, in aka gaya mata an wuce, sai ta sa a rage ƙarfi. To wasu masu saiti, don su kauce wa wannan ragin, sai su sa kwamfutar injin ta yi ƙarya: injin yana ba da 580, ita tana cewa 400. Haka ma 'yan akwatunan nan da ake soka wa a wayoyin inji, aikinsu ke nan, su ɓoye wa kwamfuta ainihin iskar da turbo ke turawa. Giya ta ji 400, ta matse faifai daidai 400, alhali kayan da aka ɗora mata na 580 ne. Kamar ka ce wa mai amalanke buhu takwas ne, ya ɗaure da igiyar buhu takwas, ka faki idonsa ka ƙara huɗu. Don haka tambayar farko da za ka yi wa wanda ya taɓa maka kwamfuta ita ce: ƙarfin da injin ke faɗa wa giya na gaskiya ne? Kuma ka taɓa kwamfutar giyar ita ma? In ya tsaya yana kallonka, ka san inda ka tsaya. Akwai manhajoji da aka yi musamman don giyar ZF a BMW, irin su xHP, masu ɗaga iyakar da ƙara matsin mai da gajarta lokacin sauyi. Giya mai lafiya tana amfana da su ƙwarai. Giyar da faibarta ta riga ta cinye kuwa, ba manhajar da za ta mayar mata da naman da ya tafi.

Bara waccan an jawo mini irin motarka da igiya daga wajen Alkaleri. Mai ita yaro ne mai hankali, ba ɗan wasan mota ba, Gombe yake zuwa aiki duk mako. Wata huɗu kafin nan aka ƙara masa ƙarfin inji. Da muka kwance kwanon ƙasa, tun kafin man ya gama zuba warin ya gaya mini komai, wari ne kamar na tuwon da ya kama tukunya aka manta da shi a wuta. Man da ya kamata ya zama ruwan zuma ya koma kamar shayin da ya kwana. A jikin maganaɗisun kwanon, laushin toka-toka da ke taruwa ba abin damuwa ba ne, kowace giya tana yin sa. Amma nan na murza tsakanin yatsuna na ji ɓarɓashi baƙi, ga ƙyalli-ƙyallin jan ƙarfe a ciki, alamar bushin, wato zoben da sandar giya ke juyawa a cikinsa, ya ci. Da muka kai ga tarin E, faifan faibar sun yi baƙi sumul, wasu har ƙarfen cikinsu ya bayyana, na ƙarfen kuma sun yi tabo shuɗi-shuɗi, ɗaya ya lanƙwashe kamar faifan tankaɗe. Na ɗora shi a kan gilashi, yana rawa. Bushin ɗin da ya cinye shi ne ke barin mai ya tsere kafin ya isa fistin, wato tun kafin a ƙara ƙarfin ma tarin yana samun matsi ragagge. Ƙarin ƙarfin ya zo ya ƙarasa abin da shekaru suka fara. Na tambaye shi yaushe aka canza man giya, ya ce an gaya masa ba a canzawa har abada.

Wannan magana ta "har abada" ta kashe giya da yawa. Shi kansa ZF da ya ƙera giyar ya ba da shawarar a canza man tsakanin kilomita 80,000 zuwa 120,000, ko bayan shekara takwas. Wannan ga motar da ba a taɓa ba ke nan. Wadda aka ƙara wa ƙarfi, a zafinmu, ni duk kilomita 40,000 nake cewa a sauke. Kuma man nata daban ne, Lifeguard 6 ko wanda ya cika ƙa'idarsa. Jan man da ake aunawa a galan a bakin kasuwa, wanda ake zuba wa sitiyari da tsofaffin giyoyi, ba nata ba ne, santsinsa daban, faibar ba za ta kama yadda kwamfuta ke tsammani ba. Tacen man a jikin kwanon roba yake, tare ake canza su. In an buɗe, a canza hannun rigar da wayoyi ke bi su shiga giyar, da robar da ke tsakanin balb bodi da gangar giyar da ƙananan bututan roba da ke kusa da ita. Kuɗinsu kaɗan ne, amma in suka tsufa suka tsage ta nan matsi ke zurarewa.

Sai zafi. Man giya yana jin daɗinsa tsakanin digiri 80 zuwa 95. In ya riƙa haura 120, yana ƙonewa da sauri, ya tsinke, robobi su bushe. Babban murhun giya shi ne konbata, tukunyar nan da ke tsakanin inji da giya, wadda ke tura ƙarfi ta hanyar mai. Lokacin tashi daga tsaye takan ninka ƙarfin injin kusan sau biyu, kuma duk bambancin gudu tsakanin ɓangarorinta biyu zafi yake zama. Wanda ke danne birki da ƙafar hagu ya taka totur da ta dama don motar ta yi tsalle, a cikin 'yan daƙiƙoƙi yake dafa man. A motarka ruwan lagireto ne ke sanyaya man giya, ga N54 inji ne mai zafi tun asali. In fankarka ta raunana, ko lagireto ya toshe da ƙurar hunturu, ko an cika shi da ruwan rijiya maimakon ruwan sanyaya inji, giya ma tana shan wahalar. Ka hau tudun Jos ta Toro da rana tsaka a watan Maris, da mutum huɗu a ciki da na'urar sanyi a kunne, kana wuce tireloli, ka sa a karanta maka zafin man giyar a kwamfuta kana tafiya. Abin da ka gani shi zai gaya maka ko kana buƙatar ƙarin na'urar sanyaya mai a gaban lagireto. A ganina duk motar da aka ƙara wa ƙarfi a Arewa tana buƙata.

Abu na uku bayan zamewa da zafi shi ne fizga, kuma ita ba faiba take ci ba, ƙarfe take karyawa. Hawa na ɗaya a giyarka yana ninka ƙarfi sau 4.17, difaranshal na baya ya sake ninkawa sau 3.46. Nm 400 ya zama kusan 5,800 a tayoyi, wato buhun siminti goma sha biyu a kan sifanar nan tamu. In injin ya koma 600, buhu ya kusa goma sha takwas, ba a ma sa ninkin konbata ba. Muddin taya tana zamewa, ƙarfin yana samun mafita. Hatsarin shi ne ta zame a kan yashi tana gudu sannan ta cafki kwalta farat ɗaya, abin da ke faruwa kullum a wasan mota na biki da kuma gefen titunanmu da yashi ya rufe. Haka sa giya a N, a taka inji ya yi kuka, a jefa D. Wanda ke yin wannan ko motar ba a taɓa ta ba zai karya wani abu, ko sandar giya, ko furofela, ko shaf. Wasan biki kam ban da giya ma, rayukan yaran da ke tsaye a gefe sun isa dalili. Wata ɗabi'ar kuma da ba ta da hayaniya amma tana ci a hankali: ka sa giya a hannu, kana hawa na shida a juyi 2,000, ka take totur har ƙasa. A nan turbo ke ba da duk ƙarfinsa, famfon giya kuma yana juyi a hankali, tarin E da kulocin cikin konbata su ne ke ɗauke da kayan. In za ka wuce mota, sauko zuwa huɗu ko uku tukuna.

Game da shawarar makanikenka, ina girmama shi, amma zancen cewa otomatik ba ta ɗaukar ƙarfi tsohon zance ne. Mercedes SL 65 AMG tana da doki 612 da Nm 1,000, kuma giyar otomatik mai hawa biyar ce a ciki, dangin 722.6 da ke cikin tsofaffin Marsandi da ke yawo a garin nan, sai dai an ƙarfafa ta. Dodge Challenger Hellcat ta 2015, doki 707 da Nm 881, ZF 8HP90 ce ke ɗauke da ita. Bugatti Veyron ta 2005 da Nm 1,250 giya mai kuloci biyu take amfani da ita, ba feda ta uku. Masu tseren miƙaƙƙen layi a Amurka har gobe suna gina motocinsu a kan Powerglide, giyar otomatik mai hawa biyu da sunanta ya fito tun 1950, da TH400 ta 1964. Manuwal ɗin 335i tana da ƙarfi, gaskiya ne, amma kulocinta na kamfani shi ma zai fara zamewa a irin ƙarfin da kake nema. Ga kuɗin giya, feda, fulawil, furofela, wayoyi da sake saita kwamfutoci, ga difaranshal ɗin ma lissafinsa daban. In don sha'awar tuƙin hannu ne, bismillah. In don tsoron lalacewa ne, kuɗin ya fi amfani a wani wurin.

Tunda na san masu wasu motocin ma za su karanta, ga abin da zai taimaka musu. Kamfanoni da dama suna ɓoye iyakar a cikin sunan giya. A dangin ZF mai hawa takwas, 8HP45 na nufin Nm 450, 8HP70 kuma 700. A Marsandi, W5A330 da W5A580 haka suke. Masu Golf da Audi masu DSG, wato giya mai kuloci biyu, su bambance: mai hawa bakwai busasshiya, DQ200, iyakarta 250 ne, ba ta son wasa ko kaɗan. Mai hawa shida da kulocinta ke cikin mai, DQ250, tana da 350 kuma tana da haƙuri in ana canza mata mai duk kilomita 60,000. Mai mota mai CVT, giyar da ba ta da hawa-hawa, irin Accord mai silinda huɗu daga 2013 ko Altima, ya bar injinsa yadda yake. Bel ɗin ƙarfe ne a matse tsakanin kwanuka biyu, in ya zame sau ɗaya ya karce su, magana ta ƙare.

Mu dawo kan doki 500. Kafin giya ta hana ka, fetur zai hana ka. Lambobin da ake samu da ƙananan turbo na kamfani, da mai mai ƙarfi ake samunsu, sau da yawa haɗe da etanol, kuma turbo ɗin suna ƙarshen numfashinsu. Da man gidajen manmu, ga iska mai zafi, in aka matsa injin zai fara ƙwanƙwasa, kwamfuta ta ja da baya, ko fistin ya tafi. Abin da za ka samu cikin kwanciyar hankali ya fi kusa da doki 370 zuwa 400, da ƙarfin murɗa wajen 520 zuwa 550 in mai saitin ya aske tudun tsakiyar ya shimfiɗa shi. Mota ce mai gudun da ya fi ƙarfin yawancin hanyoyinmu, kuma giyarka za ta iya zama da ita in an yi mata abin da na lissafa. In ka nace sai 500 na gaskiya, to maganar ta koma ta manyan turbo da famfon mai da na'urar sanyaya iska, kuma a nan dole a sauke giyar a sake gina ta da faiba masu ƙarfi da sababbin bushin da konbata da aka ƙarfafa, ko a ɗora babba irin ta 335d, ko 8HP70 da kwamfutar da za ta sarrafa ta. Kowanne cikinsu aiki ne na wanda ya taɓa yi, kuma ka sa kuɗin birki da tayoyi a lissafin tun farko.

Kafin ka kashe ko sisi, a fara auna lafiyar wadda kake da ita. A sa kwamfutar da ke iya shiga giyar ZF, ba ƙaramar nan mai goge wutar inji ba. A karanta lambobin gyaran kai da giyar ta adana wa kowane tari, su ne ke nuna wanda take ƙara wa matsi don rufe cinyewa. A fita da motar hanyar Ningi ko ta Dass inda babu cunkoso, a hawa na biyar, a kwatanta juyin da ke shiga giyar da wanda ke fita yayin da ka taka. In lissafin ya kauce, faifai suna zamewa, sai a mayar da injin saitin kamfani a ranar, a fara tara kuɗin gyara. In bai kauce ba, a sauke kwano a ga abin da maganaɗisu ya tara.

Wajen zuba sabon mai kuma akwai abin da ni kaina na taɓa yin kuskurensa a farkon fara aikin waɗannan giyoyi. Ba su da sandar duba mai. Ta ramin gefe ake cikawa, mota a miƙe daidai, inji yana aiki, an bi da giyar ta kowane hawa, kuma zafin man yana tsakanin digiri 30 da 50, har sai ya fara ɗigowa. Na cika wata da azahar a watan Afrilu, motar ba ta daɗe da shigowa ba, man ya kumbura da zafi, ya ɗigo da wuri, na ɗaure. Ashe da saura. Kwana biyu mai ita ya dawo, wai in ya sha kwana da sauri giyar tana saki. Allah ya taimake ni faiba ba ta ƙone ba. A Bauchi da bazara, inuwar gareji kanta tana kai digiri 40, tazarar da ta rage maka 'yan mintuna ce bayan an tayar da inji. Don haka in za ka kawo ta, ko ka kai wa wani, ka kai ta da yamma ta kwana a can, a yi aikin bayan sallar asuba.